Nazari: Darasin IPPIS da abin da binciken masana ya nuna kan tsarin sarrafa bayanai a ma'aikatu da kamfanoni

A ranar 13 ga Disamba, 2023, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da cire jami'o'i, kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi na Gwamnatin Tarayya daga tsarin biyan albashi na bai-ɗaya, wato IPPIS. Da wannan mataki aka kama hanyar warware taƙaddamar da aka shafe shekara huɗu ana yi tsakanin gwamnati da Ƙungiyar Malaman Jami'o'i, ASUU.

Taƙaddamar na cikin manyan dalilan yajin aikin wata tara da ƙungiyar ta yi a 2020, da na wata takwas a 2022. Akwai wasu buƙatun a gefe, kamar yarjejeniyar 2009 da kuɗin farfaɗo da jami'o'i, kuma wani ɓangare na yajin farko ya zo daidai da kullen annobar korona. Duk da haka, saɓani kan manhajar biyan albashi ya taimaka wajen zaunar da ɗalibai a gida tsawon wata 17.

Waiwayar wannan batu ya zama dole, domin gwamnati na tsaka da shigo da wasu tsare-tsaren irinsa. Ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya, Didi Esther Walson-Jack, ya sanya 31 ga Disamba, 2025 a matsayin wa'adin da ma'aikatu za su daina aiki da fayil na takarda. Hukumar Kwastam ta fara gwajin manhajarta ta B'Odogwu a Legas a ƙarshen 2024. Hukumar tattara haraji ta tarayya ta ƙaddamar da tsarin rasit na intanet a Agustan 2025 ga kamfanonin da cinikinsu na shekara ya kai Naira biliyan biyar. Tun a Afrilun 2024 kuma Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da shirin samar da kafa guda ta intanet don takardun shigo da kaya da fitar da su.

Kowanne daga cikin waɗannan zai taɓa albashin ma'aikaci, ko jarin ɗan kasuwa, ko farashin kaya a kasuwa. Akwai kuma fannin ilimi sukutum da ya shafe sama da shekara 40 yana nazarin dalilan da ke sa irin waɗannan tsare-tsare su yi nasara ko su rushe.

Abin da masana ke nufi da tsarin

A wajen masu wannan fanni, tsarin sarrafa bayanai ya ƙunshi kwamfuta da manhaja, da bayanan da ake zuba musu, da mutanen da ke aiki da su, da kuma ƙa'idojin aikin ma'aikatar. Idan ɗaya ya gurgunce, sauran ba sa tsinana komai.

An kai ga wannan fahimta ne bayan an sha mamaki. A 1987, masanin tattalin arziki na Amurka, Robert Solow, ya lura cewa kwamfuta ta cika ofisoshi amma ba a ga tasirinta a alƙaluman yawan abin da ma'aikata ke samarwa ba. A shekarun 1990, Erik Brynjolfsson da Lorin Hitt suka bi diddigin ɗaruruwan manyan kamfanonin Amurka, suka gano cewa waɗanda suka ci ribar kwamfuta su ne waɗanda suka haɗa sayen ta da sauya salon aiki, da horar da ma'aikata, da sakar wa na ƙasa ikon yanke shawara. Abin da ake kashewa a wannan gyara yakan ninka kuɗin na'urorin sau da dama.

A 1998, Thomas Davenport ya ƙara da wani gargaɗi ga kamfanoni masu sayen babbar manhajar da ke haɗe lissafin kuɗi, albashi, sito da ciniki wuri guda. Ya nuna cewa irin wannan manhaja tana zuwa da nata tunanin kan yadda ya kamata a yi aiki, kuma tana tilasta wa kamfani bin sa. Wanda ya saye ta bai tantance ko tunanin ya dace da sana'arsa ba, yana iya rasa abin da ya bambanta shi da abokan gasarsa.

'Yan Najeriya sun ɗanɗani wani ɓangare na wannan a watannin ƙarshe na 2024, lokacin da wasu manyan bankunan kasuwanci suka sauya manhajar da ke riƙe da asusun abokan hulɗarsu. Jama'a sun kwashe kwanaki suna fama da tura kuɗi da cirewa, alhali bankunan na da kuɗi da ƙwararru.

Ribar da ba a musantawa

Adalci ne a fara da abin da aka samu. An soma IPPIS a 2007 da ma'aikatu bakwai na gwaji, da tallafin Bankin Duniya. Manufarsa ita ce a tattara sunayen ma'aikatan tarayya a rumbu guda, a riƙa tura albashi kai tsaye zuwa asusun kowa. A 2012 aka fara aiki da GIFMIS, tsarin da ke kula da kasafi da fitar da kuɗin gwamnati. A 2015 gwamnatin Muhammadu Buhari ta tilasta wa ma'aikatu rufe dubban asusun da suke da su a bankunan kasuwanci, su koma Asusun Bai-ɗaya, TSA, a Babban Bankin Najeriya.

Kafin wannan lokaci, kuɗin ma'aikatu kan kwanta a bankuna, gwamnati kuma ta dawo ta ci bashi daga bankunan nan da kuɗin ruwa. Haka nan babu wanda ke iya faɗin adadin ma'aikatan tarayya da tabbaci.

A Fabrairun 2016, Ma'aikatar Kuɗi ƙarƙashin Kemi Adeosun ta sanar da cire sunaye 23,846 na ma'aikatan bogi, abin da ta ce ya rage Naira biliyan 2.29 daga kuɗin albashi a kowane wata. An cimma haka ne ta hanyar gwama jerin masu karɓar albashi da lambar BVN, wadda Babban Banki ya ƙaddamar a 2014. Abin lura a nan shi ne, nasarar ta samu ne da aka sami bayanai masu inganci daga wata kafa ta daban da za a auna na farko da su.

Tazara tsakanin zane da zahiri

To, me ya sa tsarin da ya zauna a ma'aikatu ya gagara zama a jami'o'i?

Farfesa Richard Heeks na Jami'ar Manchester da ke Birtaniya ya yi fice wajen nazarin irin wannan tambaya a ƙasashe masu tasowa. A 2003 ya ƙiyasta cewa kashi 35 cikin 100 na ayyukan mayar da harkokin gwamnati kan kwamfuta a waɗannan ƙasashe na rushewa gaba ɗaya, kashi 50 na cimma wani ɓangare kawai na manufarsu, kashi 15 ne ke yin nasara. Shi kansa ya bayyana alƙaluman a matsayin ƙiyasi, amma bayanin da ya bayar na musabbabin ya samu karɓuwa sosai.

A cewarsa, kowane tsari na ɗauke da hoton da masu zana shi suka yi wa ma'aikatar a zukatansu. Gwargwadon nisan wannan hoto da zahirin yadda ake aiki, gwargwadon haɗarin rushewa. Ya lissafa fuskoki bakwai da ake auna tazarar: bayanai, fasaha, hanyoyin aiki, manufofi da ɗabi'u, ma'aikata da ƙwarewarsu, salon shugabanci, sai lokaci da kuɗi.

Idan aka ɗora IPPIS a kan wannan ma'auni, tazarar a bayyane take. An zana shi ne da hoton ma'aikacin gwamnati na yau da kullum: mutum ɗaya, ofis ɗaya, matakin albashi ɗaya, ritaya a shekara 60 na haihuwa ko 35 na aiki. Jami'a kuwa tana da farfesan da doka ta 2012 ta ba damar kaiwa shekara 70. Tana da malamin da ke tafiya hutun nazari na shekara guda a wata jami'ar, da malami mai ziyara da ke cike giɓi a sashen da ba shi da ƙwararru, da baƙon malami daga ƙetare da ake ɗauka da kwantiragi, da alawus na duba kundin ɗalibai da na yawan aiki. Sabbin jami'o'i musamman sun dogara da aron malamai daga tsofaffi kafin su tsaya da ƙafafunsu.

Malamai sun yi ta kokawa kan albashin da ke zuwa a gutsure, da cire-ciren da ba a yi musu bayani ba, da kuɗin ƙungiya da na adashin ma'aikata da ke makalewa. Gyaran kuskure ɗaya kan buƙaci tafiya Abuja. Da yake bayyana matakin na 2023, Ministan Ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya nuna cewa bai dace shugabannin jami'o'i su riƙa barin aikinsu suna zarya zuwa Abuja kan batun ma'aikata ba.

Wa ke riƙe da akala?

Sai dai tazarar zane ba ta isa ta bayyana zafin rikicin ba. A nan ne wani tsohon bincike ke da amfani. A 1983, M. Lynne Markus ta wallafa nazarin da ta yi a wani babban kamfani da ya kafa tsarin lissafin kuɗi na bai-ɗaya. Akantocin rassa sun shekara da shekaru suna turjiya, suna riƙe da tsofaffin littattafansu a gefe. An ɗauka taurin kai ne ko kuma matsalar na'ura, amma da aka gyara na'urar turjiyar ba ta gushe ba.

Markus ta gano cewa kafin zuwan tsarin, akantocin rassa ne ke tace bayanai kafin su isa hedikwata. Da zuwansa, hedikwata ta riƙa ganin komai kai tsaye. Tsarin ya kwashe iko daga wani hannu ya miƙa wa wani, kuma waɗanda suka rasa sun san abin da suka rasa.

Kusan haka aka yi a Najeriya. Lokacin da Shugaba Buhari ya umarci a dakatar da albashin duk wanda bai shiga IPPIS ba zuwa ƙarshen Oktoban 2019, ASUU ta kafa hujja da dokar 2003 da ta bai wa majalisun gudanarwar jami'o'i ikon ɗaukar ma'aikata da kula da kuɗinsu. Gwamnati ta ce wanda ke biyan albashi yana da haƙƙin sanin waɗanda yake biya, ta kuma yi zargin ana ɗaukar ma'aikata ba bisa ƙa'ida ba, wasu malaman kuma na karɓar albashi a wurare da dama. Kowane ɓangare na da ƙamshin gaskiya. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

ASUU ta samar da tata manhajar mai suna UTAS, ƙungiyoyin SSANU da NASU su ma suka fito da U3PS. Hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta ce UTAS ba ta tsallake wasu gwaje-gwaje ba, ASUU ta ƙaryata. Aka ɓata watanni ana muhawara kan makin da manhaja ta ci, alhali ainihin tambayar ita ce wa zai riƙe akalar ɗaukar ma'aikata. A ƙarshe ba a ɗauki UTAS ba. An karkata biyan albashin manyan makarantun zuwa GIFMIS.

Na'ura ba ta gadin kanta

Wani darasin ya fito daga Indiya. A gundumar Udaipur ta jihar Rajasthan, an raba wa ma'aikatan jinya na karkara na'urar buga lokacin zuwa aiki, aka ce za a yanke albashin mai fashi. Abhijit Banerjee, Esther Duflo da Rachel Glennerster, waɗanda suka wallafa sakamakon a 2008, sun ga zuwa aiki ya ƙaru sosai a watannin farko. Kafin a cika shekara ɗaya da rabi komai ya koma gidan jiya, domin jami'an lafiya da kansu sun riƙa rubuta wa ma'aikatan uzurin da ke kare su daga hukunci.

A jihar Andhra Pradesh kuwa, inda gwamnati ta tsaya tsayin daka kan biyan kuɗin tallafi da kati mai zanen yatsa, binciken Karthik Muralidharan da abokan aikinsa na 2016 ya nuna kuɗin da ke zurarewa a shirin samar da aikin yi na karkara ya ragu da kusan kashi 41 cikin 100. Ƙasa ɗaya ce, amma matsayin masu iko da tsarin ya bambanta, sakamakon ma ya bambanta.

Najeriya na da nata misalan. A Yunin 2024, shekara 17 bayan soma IPPIS, Shugaba Tinubu ya umarci ma'aikatan da suka ƙaura ƙasashen waje amma suke ci gaba da karɓar albashi su mayar da kuɗin, a kuma hukunta shugabanninsu da suka rufa musu asiri. Zanen yatsa na tabbatar da cewa mutum yana raye. Shugaban sashe ne kaɗai ya san ko yana zuwa aiki. A 2022 kuma hukumar EFCC ta gurfanar da Akanta Janar na Tarayya da aka dakatar, wanda ofishinsa ke kula da IPPIS, GIFMIS da TSA, bisa zargin karkatar da Naira biliyan 109, zargin da ya musanta. Ko yaya shari'ar ta kaya, ta tuna wa jama'a cewa tattara kuɗi a ɗaki guda na ƙara nauyin sa ido kan mai riƙe da mabuɗin.

Har a ƙasashen da suka ci gaba

Kuskure ne a ɗauka wannan ciwo na ƙasashe matalauta ne kaɗai. A 2016 Kanada ta ƙaddamar da tsarin biyan albashi na bai-ɗaya mai suna Phoenix, bayan ta rage ɗaruruwan gogaggun jami'an albashi bisa zaton manhaja za ta maye gurbinsu. Dubun-dubatar ma'aikata suka riƙa samun albashi a rage, ko fiye da ƙima, ko su rasa gaba ɗaya. A 2018 Babban Mai Binciken Kuɗi na ƙasar ya ɗora laifin a kan shugabannin aikin da suka yi biris da gargaɗi, suka kuma taƙaita gwaji don cika wa'adi.

A Birtaniya abin ya fi muni. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da sama da masu kula da rassan gidan waya 900 bisa zargin sata ko maguɗin lissafi, saboda manhajar Horizon ta nuna giɓin kuɗi a rassansu. Wasu sun shiga kurkuku, wasu sun tsiyace. A 2019 kotu ta tabbatar manhajar na da kurakurai, a 2024 kuma majalisar dokoki ta yi doka ta soke hukunce-hukuncen. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah: duk hukumar da za ta ci tarar ɗan kasuwa ko ta riƙe kayansa bisa abin da kwamfuta ta nuna, wajibi ne ta tanadi ƙofar da zai ƙalubalanci lissafin.

Da me ake auna nasara?

A 1992, William DeLone da Ephraim McLean suka tattara ɗimbin bincike suka fitar da ma'auni shida: ingancin tsarin, ingancin bayanan da yake bayarwa, yawan amfani da shi, gamsuwar masu amfani, tasirinsa ga ma'aikaci, da tasirinsa ga ma'aikata baki ɗaya. A 2003 suka ƙara ingancin taimakon da mai amfani ke samu idan ya gamu da matsala.

A Najeriya an fi jin ma'auni biyu: ranar ƙaddamarwa da adadin kuɗin da aka ce an ceto. Ba kasafai ake bayyana yawan waɗanda aka biya ba daidai ba a wata, ko kwanakin da gyara ke ɗauka, ko sa'o'in da tsarin ya tsaya. Koke-koken da dillalan fiton kaya suka yi a 2025 kan tsaikon B'Odogwu sun nuna muhimmancin waɗannan alƙaluma, domin kowace rana da kwantena ta ƙara a tashar ruwa kuɗin ajiya ne da ke ƙarewa a kan mai saye.

Su ma masu bincike na cikin gida suna da gyara. Da yawa daga kundayen digiri kan wannan fanni na dogara ne da takardar tambayoyi da tsarin da Fred Davis ya fitar a 1989, wanda ke cewa mutum na karɓar fasaha idan ya ga amfaninta da sauƙinta. Wannan ma'auni ya fi dacewa da inda mutum ke da zaɓi. Ma'aikacin da aka ce ya shiga tsari ko ya rasa albashi ba shi da zaɓin, don haka ra'ayinsa kaɗai ba zai nuna ko tsarin na aiki ba. Ana buƙatar nazarin da ke shiga ofis ya zauna, ya bi fayil daga tebur zuwa tebur, ya kwatanta alƙaluman kafin da na bayan. Hakan ba zai yiwu ba sai hukumomi sun buɗe bayanansu ga masu bincike, bayan an ɓoye sunayen mutane kamar yadda Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta tanada. Asusun TETFund, wanda ke da kason tallafa wa bincike, na iya ɗaukar nauyin irin wannan aiki.

Abin da ya rage

Daga dukkan wannan, shawarwarin da binciken ke nunawa ba su da sarƙaƙiya. A auna tazarar zane da zahiri kafin a sa hannu a kwangila. A tsabtace bayanai kafin a zuba su a sabon rumbu. A fara da ƙaramin gwaji, a bar tsohon tsari na tafiya a gefe har sabon ya tabbata. A riƙe gogaggun akawu da jami'an albashi, a kuma horar da waɗanda Heeks ya fi jaddadawa, wato mutanen da suka san fasaha suka kuma san aikin ma'aikatar. Inda tsarin zai sauya ikon wani, a zauna a sasanta wannan a fili tun da wuri.

IPPIS ya ceto wa ƙasa kuɗi, ya kuma taimaka wajen cinye wa ɗalibai watanni. Duka biyun sun faru ne da manhaja guda. Magatakardan da zai rabu da fayil ɗin takarda, da akantan kamfanin da zai riƙa tura rasit ga hukumar haraji, da dillalin da ke jiran kwantenarsa a Apapa, su ne za su fara sanin ko an koyi darasin. Kamata ya yi a tambaye su tun kafin a yanka kirtanin ƙaddamarwa, a kuma ci gaba da tambayarsu bayan an watse daga bikin.